Yadda zaka tsara fita yawo a tashoshi in karon farko ne zaka hau jirgin ruwan shaƙatawa

Yanzu 'yan ajans a Garwa da Marwa da Gaundare har Njamena sun fara tallar wannan tafiya ta babban jirgin ruwa, wanda mutum zai shiga da valis ɗinsa sau ɗaya ya kwana a ɗaki ɗaya amma kullum ya wayi gari a wani birni daban, yau Basalona gobe Marsey jibi Jenowa. Abu ne mai kyau wallahi kuma ina so mutanenmu su je su gani. Amma abin da nake lura shine duk hankali yana tafiya kan ɗaki da abinci da hoton jirgin, ba mai zama ya tambayi kansa to in jirgin ya tsaya a gari ƙarfe takwas na safe ni me zan yi har yamma, da wace mota, da wane kuɗi, kuma ƙarfe nawa zan juyo. Nan ne ake samun matsala, kuma matsalar ta fi yi mana nauyi mu masu fasfon Kamaru da Cadi fiye da Bature, zan faɗi dalili a ƙasa.

Abu na farko tun kafin ka ba ajans ko dala ɗaya, ka ce su baka jerin tashoshin a rubuce, da ranar kowacce, da lokacin isa da lokacin tashi. Ka zauna da biro ka rubuta ƙasar da kowace tasha take. Saboda biza ce ke yanke maka inda zaka sauka, ba sha'awarka ba. In jirgin na Bahar Rum ne, Sifen da Faransa da Italiya da Malta da Girka duk suna cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza guda, Kuroshiya ma ta shiga tun Janairun 2023, to biza ɗaya ta ishe su, kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, wajen sefa 59,000 kenan banda na ofishin da ke karɓar takardu, kuma sai da asirans ɗin lafiya na aƙalla yuro 30,000. Amma dan Allah ka duba da kyau, in a tsakiyar hanya jirgin zai leƙa Tunis ko Santambul ko Kusadasi ko Iskandariya, to ka fita daga Shengen kenan, dawowa Italiya washegari sabuwar shiga ce, saboda haka bizar da ake shiga da ita sau da yawa zaka nema, ka haɗa takardar jirgin a cikin dosiye ka nuna musu dalili. Mai bizar shiga sau ɗaya ana iya hana shi hawa tun a ranar farko, kuma kamfanonin nan sun rubuta ƙarara cewa biza nauyin fasinja ce, ba sa mayar da kuɗi. Kada kuma ka ce ai ni ba zan sauka a ƙasar kaza ba zan zauna a ɗaki, wasu ƙasashen ko baka sauka ba suna so kana da takardarsu. Turkiyya da Tunusiya da Masar da Daular Larabawa kowacce da nata tsarin kuma yana canzawa, ka tambayi ambasad ɗinsu da kamfanin jirgin duka biyu, ka sa kamfanin ya amsa maka a rubuce. Fasfo ya zama yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa, karnen rigakafin shawara kuma ya zauna cikin fasfon kamar yadda muka saba.

Wanda bizar Turai ta masa nisa akwai jiragen Tekun Fasha da ke tashi daga Dubai lokacin sanyi su zaga Abu Dabi da Doha da Bahrain, akwai kuma Aroya na Saudiyya wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, shi abincinsa halal ne kuma da wurin sallah a ciki. Sai dai hanyoyin wannan yankin ana canza su in tsaro ya motsa, ka riƙa bibiya.

Sai ka buɗe taswira, domin wannan shine abin da takardar talla ba ta faɗa. In sun rubuta Roma, jirgin ba Roma yake tsayawa ba, Civitavecchia yake tsayawa, wajen kilomita 80 daga birnin, awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa. In sun rubuta Florence to Livorno ne, tsakaninsu kusan kilomita 90, Pisa ce ke kusa. Atina tasharta Piraeus, wannan da sauƙi akwai metro. Venise tun Agustan 2021 aka hana manyan jirage shiga tsakiyarta, wasu su tsaya Marghera wasu har Ravenna ko Trieste, wato sai ka yi tafiyar awa biyu ko fiye a mota. Fadar Alhamra ta Garnaɗa a Sifen da kowa ke son gani saboda tarihin Andalus, daga Malaga wajen kilomita 130 ne. Amma akwai garuruwan da kana sauka kana cikin gari, kamar Valletta ta Malta da Nafoli da Palermo, da Santambul inda jirgi ke tsayawa a Galataport ka hau tiram T1 'yan mintoci kana Sultanahmet, unguwar manyan masallatan tarihi. To a takardarka ka raba tashoshin gida biyu, na kusa da na nesa, wannan rabon shine zai gaya maka inda zaka kashe kuɗi da inda ƙafarka ta isa.

Yanzu lissafin lokaci, kuma nan nake so mu daɗe. Kada ka fara daga safe, ka fara daga yamma ka komo baya. In an rubuta jirgi zai tashi ƙarfe 7 na yamma, ba 7 zaka zo ba, akwai lokacin da ake rufe shiga, yawanci rabin awa kafin tashi, suna rubuta shi a takardar shirin rana da ake ajiye maka a ɗaki ko a cikin aplikasiyon jirgin, kuma akwai allo a bakin gadar sauka ɗauke da shi, ka ɗauki hotonsa da waya duk safiya kafin ka taka ƙasa. Mun saba da kar ɗin tasha, sai ya cika, direba ya yi oda, yaron mota ya bi layin masu shayi yana neman Alhaji mai kujera ta uku. Jirgin nan da mutum dubu huɗu ko biyar a ciki ba ya haka, yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi da matuƙin da zai fitar da shi, in lokaci ya yi za a kira sunanka a lasifika sau ɗaya ko biyu sannan a janye gada. Daga lokacin rufe shiga ka cire awa ɗaya da rabi in garin na nesa ne, awa ɗaya in na kusa ne, wannan shine lokacin da kai zaka kasance a tasha. Daga nan ka cire tsawon tafiyar dawowa. Abin da ya rage shine ranarka ta gaskiya, kuma zaka ga ta ragu sosai.

Bari mu gwada da Roma. A ce jirgi ya iso 7 na safe, rufe shiga 6:30 na yamma. Kafin hukuma ta ba da izinin sauka, ka yi kalaci, ka bi layi, ka ɗora katin jirginka a na'ura ta yi ƙara hotonka ya fito a allon mai gadi, 8 ta yi. Ka hau bas ɗin cikin tasha ya fitar da kai bakin ƙofa, daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa akwai 'yar tafiya ta minti ashirin a ƙafa ko ka hau wani bas, ka sayi biye, in na takarda ne ka buga shi a ƙaramar na'urar da ke kan dandamali kafin ka hau don in mai duba ya same ka ba bugu tara ce. Da ƙyar ka taka Roma kafin 10. Dawowa kuma kana so 5 ta same ka a Civitavecchia, kenan jirgin ƙasan 3 da rabi zaka hau, kuma ka san wanda ke bayansa in wannan ya kuɓuce. Kaga awa goma sha biyun da aka rubuta ta koma biyar da rabi. A cikin wannan Kolosiyom da tsohuwar kasuwar Rumawa da ke gefensa sun cinye uku, sai ka taka zuwa maɓuɓɓugar Trevi da Panteyon ka ci abinci ka juya. Vatikan ba ta shiga wannan ranar, in ita kake so to ita kaɗai. Shi ya sa shawarata a kowace tasha abu ɗaya babba, ɗaya ƙarami in lokaci ya bari, shikenan. Na fi son mutum ya zauna rabin awa a wuri ɗaya ya kalle shi da kyau da ya yi ta gudu yana ɗaukar hoton ƙofofi.

Agogo ma a kula. Mu a Kamaru da Cadi agogonmu ba ya motsi duk shekara, amma Italiya da Faransa da Sifen lokacin zafinsu suna gabanmu da awa ɗaya, Girka da Turkiyya awa biyu, Dubai awa uku. Jirgi yana da agogon da yake bi kuma wani lokaci ba ya canzawa da garin da ya tsaya, wayarka kuwa da ta kama rezo zata juya da kanta ba tare da ka sani ba. Ka ɗaura agogon hannu na allura ka saita shi da na jirgi, shi zaka bi.

Akwai kuma tashoshin da jirgi baya matsowa gaɓa, yana tsayawa a tsakiyar ruwa ƙananan kwale-kwale masu inji su riƙa kwasar mutane. Santorini ta Girka haka take, kuma in kwale-kwalen ya sauke ka a ƙasan dutse sai ka hau keken igiya zuwa garin Fira a sama, da yamma kowa na son sauka lokaci ɗaya, layin kan miƙe cikin rana har ya wuce awa in jirage sun yi yawa, hanyar ƙafar kuma matakala ce sama da ɗari biyar masu santsi da jakuna a kai. A irin wannan wurin waɗanda suka sayi yawon da kamfanin jirgi ke shiryawa su ake fara fitarwa, sauran ku karɓi lamba ku jira, kuma kwale-kwalen ƙarshe yana tashi da wuri fiye da yadda kake zato. In teku ta yi fushi ma kyaftin na iya soke tashar gaba ɗaya. Girka kuma tun 2025 tana karɓar haraji a kan duk fasinjan da ya sauka, a Santorini da Mykonos yana kai yuro 20 a tsakiyar lokacin zafi, zaka gan shi a lissafin ɗakinka.

To wa zai kai ka yawon. Hanya uku ce. Ta farko ka saya a wajen jirgin kansa, wannan ita ce mai tsada, amma bas na jiranka a bakin gada da lamba a gilashi, akwai jagora, kuma babban amfaninta in bas ɗin ya makara a go-silo jirgi zai jira, in ma ya kasa jira kamfani ne zai kai ka tasha ta gaba da kuɗinsa. Ta biyu ka yi buking da wani kamfanin yawo na garin ta intanet, ya fi sauƙin kuɗi kuma mutane kaɗan ne a mota, amma jirgi bai san da kai ba. Ta uku ka fita da kanka da taswira. Ni ga wanda bai taɓa yi ba abin da nake cewa shine duk tashar nesa, Roma, Florence, Garnaɗa, Alƙahira daga Iskandariya, da duk tashar da ba Shengen ba, ka biya na jirgi ka huta. Dalilin shine wanda na ce zan faɗa, Bafaranshe in jirgi ya bar shi a Tunis zai ja tsaki ya sayi biyen jirgin sama ya tare shi a Palermo ba ruwansa da biza, kai kuwa kana ƙasar da wataƙila izininka na 'yan awanni ne, fasfonka wataƙila yana ofishin jirgi, kayanka da maganinka suna ɗaki, ambasad ɗinku ba lallai akwai shi a garin ba. Kuɗin da kake gani ka tsira da shi bai kai wannan wahalar ba. Tashoshin kusa kuma irin su Valletta ko Marsey ko Basalona ka fita da kanka, ba komai, ga Faransanci a bakinka wanda a Marsey da Tunis ya wadatar.

In zaka sayi na jirgi ka saya tun kana gida ta shafinsu, masu kyau suna ƙarewa, kuma ka duba abubuwa huɗu a bayanin. Harshen jagora, domin a jiragen kamfanonin MSC da Costa ana samun rukunin Faransanci amma in mutane basu kai ba sai a haɗe ku da wani harshe. Yawan tafiyar ƙafa, suna sa alama mai sauƙi ko matsakaici ko mai wuya, in da Hajiya babba ko Baba mai ciwon gwiwa kada a ɗauki kangon tsohon birnin Pompeii kusa da Nafoli ko na Afisa kusa da Kusadasi ko hawan tudun Akropolis na Atina ba tare da tunani ba, dutse ne ba daidai ba kuma inuwa kaɗan ce. Ko kuɗin shiga wuraren yana ciki ko a'a, saboda wani yawon daga waje kawai ake nuna maka ginin. Sai abin da ke cikin shirin, yawon Italiya da Faransa da Sifen da yawa akwai ɗanɗana giya ko naman alade a ciki, ka karanta don kar ka biya kuɗin abin da ba zaka taɓa ba. Ka kuma duba zuwa yaushe ake iya fasawa a mayar maka da kuɗi.

Mai fita da kansa kuma biyen manyan wurare tun daga gida ake sayensa da sa'ar shiga a jiki, a shafin wurin na ainihi ba na 'yan kamasho ba. Cocin Sagrada Familia na Basalona haka, Kolosiyom haka, Alhamra ma haka kuma ita biyen da sunanka yake sai ka nuna fasfo, in sa'ar shiga fadar sarakunan Banu Nasr ta wuce ta wuce. Akropolis tun 2023 mutum 20,000 kawai ake bari a rana kuma biyen ya koma yuro 30 a 2025, Pompeii ma an sa mata iyakar 20,000 tun ƙarshen 2024. Ka zaɓi sa'ar da ta ba ka sarari, kar ka ɗauki ta 9 alhali jirgi 8 zai iso. Kuma ka duba ranar mako, wannan ƙaramin abu ne amma yana ɓata rana guda, fadar Topkapi ta Santambul a rufe take ran Talata, babbar kasuwar Santambul mai rufi ba ta buɗewa ran Lahadi, gidan tarihin Vatikan ma Lahadi a rufe sai ta ƙarshen wata. Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi shiga kyauta ne amma ana yin rajista ta intanet, ran Juma'a kuma lokacin baƙi daban ne. Masallacin Aya Sofiya na Santambul tun Janairun 2024 mai yawon kallo yana biyan yuro 25 ya hau bene. Italiya da Faransa ana yawan yajin aikin jiragen ƙasa kuma ana sanarwa tun kafin ranar, ka bincika daren da zaka sauka.

Maganar sallah kada a bar ta sai an isa. Kafin ka tashi ka je wajen malaminka ka gaya masa yadda tafiyar take, kwana kaza a ruwa, kullum gari daban, ya yi maka bayanin ƙasaru da haɗa salloli a mazhabarmu don akwai bambanci tsakanin tafiyar tudu da ta ruwa a wajen malamai. A aikace kuma ka fita da alwala, ka sa 'yar sallaya mai naɗewa da ƙaramar gorar ruwa a jaka don banɗakunan Turai ba buta, ka nemo masallacin da ke kusa da inda zaka tun da dare ka sa masa alama a taswira. A Santambul da Tunis da Doha wannan ba magana bace, ko ina ka juya akwai, a Tunis ma Zaituna tana tsakiyar tsohon gari. A Marsey unguwar Noailles kusa da tsohuwar tashar ruwa cike take da mahauta da gidajen abincin halal. A Roma babban masallacin da aka buɗe a 1995 yana arewacin birni nesa da wuraren kallo, sai ka lissafa ko lokaci zai bari. A cikin jirgi alƙibla tana juyawa da jirgin, kamfas ɗin waya kuma ƙarfen jirgi na rikita shi, talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna inda jirgi ya dosa, da ita zaka gane.

Kuɗi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, to yuro 100 ka riƙe a ranka 65,600 ne, ka ninka da yawan iyalinka da yawan tashoshi tun kana gida don yawon nan in ba a yi hankali ba sai ya kamo kuɗin ɗakin. Orange Money da MoMo da Airtel Money ba zasu saya maka ko ruwa a can ba, katin banki kake buƙata, ka je bankinka su buɗe shi don waje, ka tambaye su ƙa'idar BEAC ta sefa miliyan 5 a kowace tafiya da takardun da ake nema in zaka wuce haka. Ka riƙe ƙananan yuro, biyar biyar da goma goma da silalla, na bas da banɗaki da ɗan ihsanin jagora. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi zaka biya ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake. Taksi a bakin tasha ko dai mita ko ku yanke farashi kafin ka shiga, ka tabbatar na mota ne ba na kowane kai ba, kuma in ya ce zai jira ka ya dawo da kai kada ka biya duka sai an dawo. Basalona da Roma da Nafoli akwai 'yan sane ƙwararru a metro da wuraren cunkoso, aljihun gefe na babbar riga ko jamfa ba wurin waya bane, ka sa jaka mai zip a gaba, Hajiya kuma gwala-gwalan su zauna a akwatin ƙarfen ɗaki.

Waya kuma da jirgi ya bar gaɓa ka sa ta a yanayin jirgin sama, domin rezon da ke tsakiyar teku na tauraron ɗan adam ne kuma yana cinye kiredi cikin mintoci. Ka sauke taswirar kowane gari tun a gida yadda zata yi aiki ba intanet, ka sa alama a daidai inda jirgi ya tsaya da zarar ka sauka, don tashoshi irin na Marsey da Basalona manya ne, ƙofofi da yawa, Marsey ma tsakanin inda jirgi ke tsayawa da tsakiyar gari wajen kilomita 8 ne sai da bas. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112.

Jakar fita kar ta yi nauyi. Katin jirgi, shi ne makullin ɗakinka kuma shi ne shaidar shiga da fita. Fasfo ko kwafinsa, jirgi zai faɗa maka wanne ƙasar ke so, in an ce ainihin to ainihin. Maganin hawan jini ko na suga na kwana biyu ba na rana ɗaya ba. Ruwa, caja, da takalmi mai rufi wanda ƙafarka ta saba da shi, ba sabo ba kuma ba silifa ba, zaka taka kilomita takwas ko goma akan dutse ba tare da ka lura ba. Kada ka ce ni ɗan Kuseri ne zafi bai dame ni, a gida da azahar muna ƙarƙashin dalbejiya ne ba a tsaye a layi ba. 'Yar rigar sanyi ma tana da amfani don iskar teku da sassafe tana shiga jiki. Coci-cocin Italiya suna so a rufe kafaɗa da gwiwa, kayanmu sun riga sun cika wannan. Kilishi da man shanu da duk abin nama ko madara ba a shiga da su Tarayyar Turai daga waje, a bar su a gida ko da guzurin Inna ne, haka tashoshi da yawa ba sa yarda a sauko da 'ya'yan itace daga jirgi. In ka sayi wuƙa ko takobin ado a kasuwa masu gadi zasu karɓa a ƙofa su ajiye sai ranar sauka.

In da yara ko ku da yawa ne, kowa ya san sunan jirgin da lokacin rufe shiga, a rubuta a takarda a sa wa yaro a aljihu tare da lambar babba, kuma ku yanke wurin haɗuwa tun da safe in an rabu. Ba dole bane a sauka kowace rana, in tashoshi biyar ne a jere a bar ɗaya a huta, ranar jirgi ba kowa, wurin cin abinci ba layi, tsofaffi su miƙe ƙafa.

In kuma Allah Ya ƙaddara ka ga zaka makara, a takardar shirin ranar akwai suna da lambar wakilin kamfanin a wannan tashar, ita ce lambar da ta fi kowacce muhimmanci, ka kwafe ta a waya da takarda kafin ka fita. Ka kira tun kana hanya, kar ka jira ka iso, ka faɗi sunanka da lambar ɗakinka da inda kake da mintocin da suka rage maka, wani lokaci in kaɗan ne ana ɗan dakatawa. In jirgin ya riga ya tashi, wajen wannan wakilin zaka nufa, domin ma'aikatan jirgi sukan bar masa fasfon wanda aka bari in yana hannunsu ko sun same shi a akwatin ɗaki, shi zai haɗa ka da 'yan shige da fice ya nuna maka yadda zaka kai tasha ta gaba, amma otel da biye daga aljihunka ne, saboda haka ko da yaushe katin banki ɗaya ya kasance a jikinka ba a ɗaki ba.

Wannan lissafin ya shafi farkon tafiya da ƙarshenta ma. Daga Garwa ko Marwa sai ka gangara Yawunde ko Duwala, ko ka kwana a jirgin ƙasan Gaundare, sannan ka canza jirgin sama a Santambul ko Paris ko Kasablanka, na Njamena ma sai ya canza a hanya, ko ina ana iya samun jinkiri ko valis ta tsaya a baya, to ka isa garin da jirgin ruwan zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar, in da hali biyu, kuma ka tabbatar kwanakin bizarka sun rufe waɗannan ranakun har da kwana ɗaya ko biyu na bayan sauka. Ranar sauka kuma ana fitar da mutane rukuni rukuni da launin takardar da aka ɗaura wa valis, kada ka sayi biyen jirgin saman da zai tashi kafin azahar, in filin jirgin na nesa ne kamar daga Civitavecchia zuwa Fiumicino, filin jirgin saman Roma, ka ɗauki na la'asar ko na dare.